Ko Ɗan Adam Na Iya Komawa Jiya?

Muna farawa da sunan Allah Mai juya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani gardi cikin almajiraina ya yi mini. Wata rana da dare an tashi daga karatu, wuta ta fara cinyewa, yara sun jingine allunansu, sai ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, yau a tasha na ga wani wasan kwaikwayo cikin wayar wani direba. Mutum ya shiga wata na'ura, ya murɗa wani abu, sai ga shi a zamanin kakansa, kakan yana saurayi. Shin wannan abu yana yiwuwa?" Na so in kwatse shi in ce ya tafi ya wanke allonsa, amma na ga fuskarsa ba ta mai wasa ba ce. Sai na ce masa, "In an ba ka na'urar, ina za ka?" Bai yi dogon tunani ba ya ce, "Zan koma daminar 2022, kwana goma kafin ruwa ya ci garinmu, in ce wa babana ya kwashe rumbu ya kai tudu." Na yi shiru, na ce ya ba ni kwanaki. Abin da na samu ke nan na ga ya kamata in sa shi a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan buri a ƙasar Haɗeja ba.

Ku sani, ya 'yan'uwa, malaman tauhidi sun kasa hukuncin hankali kashi uku. Akwai wajibi, watau abin da hankali ba ya karɓar rashinsa. Akwai mustahili, abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa. Akwai ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk hankali ya yarda da su. Tafiya cikin zamani kuwa iri biyu ce, ta gaba da ta baya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka bari mu ɗauke su ɗai ɗai.

Tafiya gaba, watau mutum ya tsallake shekaru masu yawa bai ji wucewarsu ba, wannan ja'izi ne, ya ma auku. Duk almajirin da ya kai Suratul Kahfi ya san labarin samarin nan da suka gudu da addininsu daga wani azzalumin sarki, suka shiga kogo da karensu, Allah Ya sa musu barci shekara 309. Da suka farka zatonsu yini guda suka yi ko wani yanki na yini. Suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci, suna ja masa kunne ya yi a hankali kada a gane shi, alhali sarkin da su ke tsoro ya daɗe da zama ƙasa. Masu tafsiri sun ce kuɗin nan ne ya tona shi, domin da mai abinci ya ga tambarin sarkin da ya shuɗe sai ya zaci yaron wata tsohuwar taska ya tono. Haka kuma cikin Suratul Baƙara akwai wanda ya wuce ta wata alƙarya da ta rushe, wanda da yawan malamai suka ce Uzairu ne. Aka ɗauki ransa shekara 100, aka tashe shi, ya tarar abincinsa da abin shansa ba su sake ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa. Ku lura da kyau, guzuri da jaki a wuri ɗaya su ke, zamani ya ci ɗaya ya bar ɗaya. Ashe shi ma lokaci halitta ne, Mai shi Yana miƙa shi Yana naɗe shi yadda Ya so. Amma ku lura da abu na biyu, cikin waɗannan bayin Allah babu wanda aka mayar da shi ranar da ya kwanta.

Masu ƙaga labari sun daɗe suna ɗiba daga wannan rijiya. A Amurka, cikin 1819, wani marubuci mai suna Washington Irving ya ba da labarin wani malalaci, Rip Van Winkle, wanda ya sha wani abin sha a kan dutse ya yi barcin shekara 20. Ya kwanta yana talakan Sarkin Ingila, ya sauko gari da dogon farin gemu yana shaida wa mutane shi mai biyayya ne ga sarki, suka taso masa, domin ƙasar ta riga ta sami mulkin kanta bai sani ba. A Masar kuma Muhammad al-Muwailihi ya fitar da littafinsa Hadisu Isa ibn Hisham cikin 1907, inda wani basha na zamanin Muhammadu Ali ya fito daga kabarinsa ya shiga Alƙahira, ya yi faɗa da mai jaki, sai ga shi gaban 'yan sanda da alƙalan da ba su san sarautarsa ba. Ko a nan gida littafin Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga cikin 1934, yana da ƙanshin wannan, gama jarumin ya bar ƙasa lokacin yaƙin Turawa, ya daɗe cikin ƙasashen aljannu, ya komo ya tarar da wata duniya dabam. Wanda ya shahara da maganar na'ura kuwa shi ne H. G. Wells, Baturen Ingila, cikin 1895. Ya kai mutuminsa shekara ta 802,701, ya tarar 'yan Adam sun rabu jinsi biyu, jikokin masu hutu a bisa ƙasa sun zama raunana, jikokin ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa suna farautarsu da dare. Gargaɗi ya ke yi wa mutanen ƙasarsa game da ratar da ke tsakanin attajiri da lebura. Duk wanda ya karanta waɗannan da natsuwa zai ga baƙo marubutan su ke nema, wanda zai dubi zamaninsu da idon da bai saba ba, ya faɗi abin da 'yan gari suka daina gani. Barci da na'ura jaki ne kawai da ya kawo baƙon.

Irin wannan baƙo kuwa na gan shi da idona. Ina yaro, wajen 1983, wani tsoho ya sauka a unguwarmu da 'yar jakarsa ta fata. Ya bar Haɗeja a ƙafa zamanin Sarki Usman da niyyar aikin hajji, ya komo ƙarshen zamanin Sarki Haruna. Ya bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda a ke kira Njamena yanzu, ya ratsa Darfur, guzuri ya ƙare, ya tsaya ɗiban auduga a Jazira ta ƙasar Sudan, ya yi aure, ya ƙetare zuwa Jidda bayan shekaru, ya komo Sudan ya zauna, har tsufa ya tuna masa gida. Da ya zauna a zaure sai ya shiga kiran sunaye, duk sunan da ya kira a ce Allah Ya ji ƙansa. Ya kwance wani ƙunshi ya ba mu kuɗi mu sayo masa goro, sai ga kwabo da anini masu huji a tsakiya, ajiyarsa ce ta ranar komowa gida, alhali tun 1 ga Janairu 1973 aka koma naira. Muka yi ta dariya, manya suka tsawata mana. Kashegari ya ce a kai shi mashigin da ya ke iyo yana yaro. Shekarun fari ne, muka tarar da yashi. Ya tsaya ya daɗe yana duba, ya ce mana a nan ya ke kama tarwaɗa da hannu, ya juya muka koma. Wannan bawan Allah bai shiga kogo ba, bai hau na'ura ba, amma me ya raba shi da mai kuɗin azurfa? Mu ma duk mun ɗanɗana kaɗan daga wannan a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da mutum zai kwana da kuɗinsa ya wayi gari mai shayi ya ƙi karɓa.

Masanan zamani ma sun tabbatar da wani yanki na wannan magana ta hanyar awo. Albert Einstein ya bayyana cikin 1905 cewa agogon da ke tafiya da gudu yana jinkiri a kan wanda ke zaune, daga baya kuma ya ƙara da cewa nauyin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi yana rage gudun agogo. Cikin 1971 aka ɗora agogai masu tsananin daidaito a jiragen sama aka kewaya duniya da su, da aka komo aka tarar sun saɓa da na ƙasa kamar yadda lissafi ya nuna. Taurarin ɗan Adam ɗin nan da ke nuna wa wayar hannu inda ta ke, agogansu suna wuce namu da misalin kashi 38 cikin miliyan na sakan guda kowace rana, dole a riƙa gyara lissafin, in ba haka ba da sun ɓatar da matafiyi. Wannan tsallake bai kai ƙiftawar ido ba, amma tsallake ne, kuma gaba ya ke yi.

Akwai kuma hangen baya, wanda kowa ke yi bai sani ba. Hasken rana yakan yi minti 8 da 'yan sakanni kafin ya iso gare mu. Kaza da 'Ya'yanta, watau Surayya, wadda manoma ke duba don sanin yanayi, haskenta da za ka gani daren yau ya baro ta fiye da shekara 400 da suka wuce, tun kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804 da sama da shekara 200. Watau duk wanda ya ɗaga kai da dare, zamanin da ya shuɗe ya ke kallo. Sai dai kallo ne kurum, hannu ba ya kai wa.

To, mu zo ga abin da gardin nan ya ke nema, watau mutum ya koma baya ya sake abin da ya riga ya auku. A ƙaddara wani ya koma ya hana auren ubansa da uwarsa. Ba a haife shi ba ke nan. In ba a haife shi ba, wa ya koma ya hana auren? In kuwa ba a hana ba, an haife shi, ya koma ya hana. Abu guda ya zama ya auku kuma bai auku ba. Wannan shi ne haɗa kishiyoyi biyu, kuma shi ne ainihin mustahili. Masu lissafi sun cika takardu da zato iri iri a kan wannan, amma har yau babu wanda ya mayar da ko ƙwayar gero guda zuwa jiya. Abin da ke sa labarin komawa baya ya yi wa mutane daɗi nadama ce, gama babu mai rai wanda ba shi da wata rana da ya ke so a ba shi ya sake. Hausawa sun gama magana da suka ce da na sani ƙeya ce. An kuma hore mu cikin addini da barin yawan cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin ba ya mayar da komi, sai dai ya cinye zuciya. Ko tuba, da ta ke mafi girman abin da ke taɓa jiya, ba ta hana laifi ya zama an yi shi, sakamakonsa ta ke sakewa.

Na ce ba gardin nan kaɗai ke da wannan buri ba. Zauna da duk wani dattijo a Auyo ko Guri ko Kirikasamma ko Baturiya, ba za ku daɗe ba zai ce maka ina ma a komo da kogin da. Ni ban riski wannan kogi da wayo ba, daga bakin mahaifina na san shi. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mana, ya rarrabu cikin fadama, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, sauran ya haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa su nufi tafkin Cadi. A da ruwan yana da lokacinsa kamar salla. Ya zo cikin damina ya shimfiɗu a fadama, a noma shinkafa. Ya fara janyewa, masunta su shiga da gora da koma, manomi ya bi danshi ya shuka wake. Rani ya yi, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa su bar taki, hanyoyin ruwa su bushe ƙayau rana ta ƙone abin da ya tsiro cikinsu. Fili guda ya ciyar da mutum uku cikin shekara guda, kowa ya san watansa.

Sa'an nan aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta Challawa cikin 1992. Kada a yi mini mummunar fahimta, waɗannan ayyuka sun kawo alheri mai yawa. Birnin Kano yana shan ruwansu, noman rani na Kadawa da na wajen Auyo da su ya tsaya, gidaje da yawa suna cin shinkafa da alkama da tumatir ta dalilinsu. Amma sun sake wa kogi ɗabi'a. Babban ruwan damina da ke wanke hanyoyi ya ragu, ga kuma ɗan ruwa yana gudu har cikin rani, hanyoyin ba su bushewa. Yashi da laka suka taru, kacala ta sami wurin zama ta toshe magudanai. Ruwa kuwa in an tare masa hanya sai ya nemi wata. Shi ya sa wasu garuruwa suka rasa ruwan da suka saba da shi, wasu kuma gonakinsu suka zama tafki shekara da shekaru. Cikin kacala jan baki ke kwana ya tashi da safe ya faɗa wa shinkafa, cikinta sauro ke haihuwa. In kuma aka sami damina mai ƙarfi, kamar ta 2020 da ta 2022, ruwa ya rasa mafita ya hau gari, har aka ga samarin Haɗeja suna kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa.

Ku dubi wannan lissafi. Gardin da ya yi mini tambaya bai kai shekara 25 ba. Ranar da aka rufe bakin Tiga ko ubansa bai yi wayo ba. Amma shawarar da wasu mutane suka yanke a wancan zamani, mai kyau da marar kyau, ta yi tafiyar shekara 50 ta same shi a ƙofar gidansu. Ashe aikin ɗan Adam yana tafiya cikin zamani ko da mai shi ya tsaya a kabari. Mutanen 1974 sun aiko mana da saƙo, mun karɓa. Mu ma aikawa mu ke yi, mun sani ko ba mu sani ba.

Wannan ita ce amsar da na ba shi. Na ce masa, "Ka ƙaddara bayan shekara 50 wani yaro zai durƙusa gaban wani malami a garin nan, ya ce ina ma a ba shi na'ura ya koma baya ya gargaɗi kakanninsa. Wace shekara zai nufa? Wannan da mu ke ciki. Waɗanne mutane zai nema? Ni da kai. Abin da ya ke roƙo ba za a ba shi ba, amma kai ga ka tsaye a wurin da ya ke son zuwa, da hannunka da ƙafarka. Mu ne mutanen da na jikokinmu."

Me yaron nan zai ce mana in ya iso? Ba sai an yi duba ba. Zai ce ku fita gayya kowane rani ku sare kacala ku yashe magudanai tun ruwa bai zo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Zai ce kada mutum ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa gonarsa shi kaɗai, domin ƙaramar ɓarakar bana ita ce sabon kogin baɗi. Zai ce kada ku gina gida a kan hanyar ruwa don kun ga ta yi shekara biyar a bushe, ruwa ba ya manta hanyarsa. Zai ce in an yi shelar ambaliya a rediyo ku kwashe rumbu ku kai tudu a ranar, kada ku tsaya sai kun gani da ido. Zai ce wanda ya sare itace a bakin kogi ya dasa biyu, masunci kuma ya bar 'ya'yan kifi su girma. Zai ce wa masu riƙe da makullan madatsun ruwa su tuna akwai mutane a ƙasan kogi, su saki ruwa a kan ƙa'ida, su sanar kafin su saki.

Akwai kuma aiki guda da ya rataya a wuyanmu, mu masu alƙalami da tawada. Dattijan da suka san kogin da suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Su ne suka san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar shekara, da sunan kowane mashigi, da irin shinkafar da ke jure zurfi, da burtalin da shanu ke bi ba su taɓa gona ba. Kowane malami ya sa gardi guda ya zauna da tsohon unguwarsu ya rubuta wannan da ajami, a ajiye cikin gafaka tare da littattafai. Yadda mu ke buɗe takardun da magabata suka rubuta fiye da shekara 200 mu ji muryarsu kamar suna zaure, haka wani zai buɗe namu. Na riga na sa gardin nan ya fara da babansa, ya rubuta ranar da ruwan 2022 ya shiga garinsu, da ta inda ya shigo, da inda ya tsaya a jikin bangon masallaci. Shafi huɗu ya kawo mini, na gyara masa wasali, na ce ya koma ya tambayi kakarsa.

Allah Ya ba mu ikon gyara yau tun ba ta zama jiya ba. Allah Ya kiyashe mu da ambaliya da fari, Ya sa wa kogin nan albarka, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya sa na bayanmu su same mu da abin da za su yi mana addu'a a kansa. Amin. Wassalamu.